Kyaftin Ya Rasu a Kan Arba'in da Biyar

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta, bayan na zauna na bincike ta na tabbatar baƙin cikin na gaske ne, ni Emiro Fontalvo Pertuz, mai difloma a fannin ɗaukar sauti da adana shi, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta da dukan masu rawa na unguwar Rebolo a birnin Barranquilla rasuwar garmahon gidanmu, wanda aka fi sani da Kyaftin. Ya rasu ranar Lahadin da ta wuce, da ƙarfe huɗu da minti goma na yamma, a kan teburinsa da ke ƙofar gida, a gaban mutum sittin ko fiye, bayan jinyar wata biyar. Shekara arba'in da shida ya yi a hannunmu. Shekarun da ya yi kafin nan babu wata takarda da ta nuna su.

Marigayin ya iso garin nan ne cikin jirgin ruwa a shekarar 1979, a hannun wani matuƙi da ya yarda ya rabu da shi a madadin agogon hannu da zakaran faɗa guda. Mahaifina, Don Dagoberto Fontalvo, shi ya ɗauko shi a ka daga tashar jiragen ruwa, ya ɗora shi a matsayin zuciyar pikonsa, wato kayan sautinsa na rawar titi, mai suna Aradun Rebolo, mai akwatunan lasifika shida, kowanne tsayin ƙofar ɗaki. Tun daga ranar babu bikin titi, babu Lahadi, babu kanibal, wato babban bikin rawar gari na shekara-shekara, da Kyaftin bai halarta ba.

Halayensa na ƙwarai sanannu ne, kuma wajibi ne a ambace su. Bai taɓa tsallake layin faifai ba. Komai girgizar da lasifika suka yi wa titi, komai dukan da ƙafafun masu rawa suka yi wa siminti, allurarsa tana nan daram, saboda tun farkon zuwansa mahaifina ya ɗaure masa kwabon peso ashirin a ka da salatif. Na auna nauyin da ke sauka a kan allurar: giram goma sha ɗaya ne, a inda giram biyu ya isa. Ma'ana marigayin bai taɓa karanta faifai ba tare da ya yi masa huɗa ba. Ya cinye faifai ɗari huɗu da goma sha biyu sannu a hankali, cikin ladabi, ana tafa masa. Haka nan mai tsayawa ne a kan magana ɗaya. A shekarar 1980 wani mashayi ya taɓa masa maɓallin gudu ana tsakiyar rawa, mahaifina ya fusata ya liƙe maɓallin da gam a kan juyi arba'in da biyar a minti, tunda duk ƙananan faifai a kan haka suke juyawa, kuma shi ba ya tara manya. Daga nan Kyaftin bai sake sanin akwai wani gudu a duniya ba.

Ba za mu manta da muryarsa ba. Idan aka kunna shi yakan fara da “gurrr” mai zurfi, kamar dattijo zai tashi daga kujera. Idan allura ta sauka sai ya ce “tas, tas-tas, tas”, kamar ana soya ƙwai a ɗakin maƙwabta. Idan waƙa ta ƙare kuma ba a ɗaga masa hannu ba, zai yi ta cewa “ƙwas… ƙwas… ƙwas” har sai wani ya taso. Da wannan sautin na koyi ƙirga.

Babbar hidimar rayuwarsa faifai guda ce. A shekarar 1981 wani jirgi ya zo daga gaɓar Afirka, mahaifina da abokin hamayyarsa Don Hermógenes Charris, mai pikon Kadan Kogi, suka isa wurin matuƙin a lokaci ɗaya. Mahaifina ya riga kai hannu kan wani ƙaramin faifai. Nan take, kafin ya ji ko sauti ɗaya daga cikinsa, ya zaro reza daga aljihu ya kankare takardar tsakiyar faifan gaba da baya, ya jefa kwalin a kogin Magdalena, kamar yadda duk mai piko da ya san kansa yake yi don kada wani ya karanta sunan mawaƙi ya je ya nemo irinsa. Ya kawo shi gida ya ɗora wa Kyaftin. Abin da ya fito minti huɗu ne na ganguna masu gudu kamar ana korarsu, da wata murya siririya, mai kaifi, ta mace. Ya sa wa faifan suna Guduma, ita kuma mai muryar ya sa mata Sarauniya. Ya kira mai fenti ya zana ta a jikin babbar lasifika: doguwa, mai 'yan kunnen zinariya, bakinta a buɗe. Faifan yana kwana a akwatin ƙarfe mai kwaɗo, kuma bai taɓa hawa kan wani garmaho ba sai marigayin. Don Hermógenes ya aika mutane tashar jiragen ruwa ta Cartagena, ya rubuta wa matuƙa wasiƙu har ya gaji, bai samo irinsa ba. Duk shekara akan gayyace shi ya zo ya ci sankocho, farfesunmu na nama da rogo, ya ji Guduma, a yi masa dariya, ya tafi.

An shaida mini cewa mahaifiyata, Doña Everlides, tana waƙa a da, a coci da kuma wurin wanki. An ce duk lokacin da ta ɗaga murya mahaifina yakan leƙo ya ce, “Everlides, rufe mana wannan famfon, Sarauniya za ta yi magana.” Ta daina a shekarar 1983. An haife ni a 1997, don haka ba zan iya ba da shaida a kan muryarta ba.

Dangantakata da marigayin ta girmamawa ce. Ranar da na kawo diflomata gida, teburin Kyaftin yana ɗan ɗingishi ta ƙafar hagu. Mahaifina ya karɓi takardar, ya juya ta, ya ninke ta sau uku, ya cusa ta ƙarƙashin ƙafar teburin, ya ce, “To, Dakta, ka ga ba a yi asarar shekara uku ba.” Daga baya na ɗora ma'aunin daidaito a kan teburin. Gaskiya ce: ya daidaita sarai. Tana nan har yau, kuma ban ga dalilin cire ta ba.

Duk wanda ya san aikin ya san Guduma yana ƙarewa. Kowane juyi a ƙarƙashin giram goma sha ɗaya yana ɗebe wani abu da ba ya dawowa. Shi ya sa na fara neman garmahon da zan juye waƙar da shi zuwa kwamfuta kafin ta zama ƙura. Wata bakwai na yi ina zaɓe. Na ƙi irin mai kama da akwatin tafiya, mai lasifika a jikinsa, domin hannunsa ba ya karɓar gyaran nauyi, wato shi ma makashi ne, sai dai matashi. Na daɗe ina kai-komo tsakanin wanda bel na roba ke juya farantinsa da wanda inji ke juya shi kai tsaye: na farkon ya fi shiru, na biyun ya fi riƙe gudu. Na zaɓi mai bel, tunda ni adanawa zan yi ba tayar da titi ba. Na tabbatar allurarsa tana canzuwa, hannunsa yana da ma'aunin nauyi a baya, kuma yana da waya da ke shiga kwamfuta. Sau huɗu na je shagon na dawo hannu wofi saboda zuciyata ba ta kwanta ba. Ranar da na shigo da kwalin, mahaifina yana dara domino a ƙofar gida.

“Dakta ya yi aure, jama'a!” in ji shi. “Ga amarya nan a kwali. Wata bakwai yana nema, kuma ita kaɗai ce a garin nan ba ta ce masa a'a ba.”

Na ce, “Baba, sau ɗaya kawai zan juya Guduma a kansa. Giram biyu. Ba zai ji komai ba.”

“Abin da ya shiga kwamfuta ya zama famfon titi, kowa ya zo ya sha. Ka taɓa akwatin nan, ka nemi wani uban.”

Jinyar marigayin ta fara ne a watan Mayu. Injinsa ya raunana, ya riƙa rage gudu kaɗan-kaɗan, ta yadda sai mai kunnen aiki zai lura. “Gurrr” ɗinsa ya yi tsawo, ya ƙara wani “iiii” a ƙarshe. Muryar Sarauniya ta fara kauri. Mahaifina ya ce mura take yi, ya shafa wa Kyaftin man keken ɗinki, ya ƙara masa kwabo na biyu.

Wata safiyar Talata a watan Agusta, mahaifina ya tafi a duba masa yanar idonsa. Mahaifiyata ta shigo ɗakina ta ajiye mabuɗin akwatin ƙarfe a kan gado, ta koma kicin. Na wanke hannu na fito da Guduma. Ƙa'idar aiki ita ce a duba faifai da gilashin ƙara girma kafin a ɗora shi, kuma na bi ƙa'ida. A can kusa da tsakiya, a santsin da ke tsakanin layin ƙarshe da inda rezar ta tsaya, waɗanda suka buga faifan sun zana lamba da tsinin ƙarfe, ƙanƙanuwa kamar ƙwayar shinkafa. Talatin da uku, wato gudun da aka buga faifan a kai. Akwai ƙananan faifai da ake bugawa a kan wannan gudun, ba su da yawa, kuma a jikin takardar tsakiya ake rubuta gargaɗin da manyan haruffa.

Na sa maɓallin sabon garmahon a kan talatin da uku, na sauke allura. Gangunan da muka sani suna gudu sai ga su suna tafiya, taku ɗaya-ɗaya, kamar masu ɗauke da wani abu mai nauyi a kafaɗa. Sannan murya ta shigo. Ta tsoho ce, namiji, mai karkarwa, kuma a bayansa mata suna amsawa da irin sautin da ba ya buƙatar fassara. Ban san harshen ba, ba kuma zan yi da'awar sani ba. Amma duk wanda ya taɓa bin gawa zuwa maƙabarta zai gane abin da ake yi a cikin faifan nan. Na sake gwadawa sau goma sha ɗaya, na auna gudun farantin da agogo, don kada in ɗora wa kowa laifin kuskurena. Babu kuskure.

Da na ɗago, mahaifiyata tana tsaye a bakin ƙofa da ayaba a hannu, rabin ɓawonta a ɓare.

“Sake sa shi,” in ji ta.

Na sake. Ta saurara har ƙarshe.

“Namiji ne,” ta ce.

“Namiji ne, Mama.”

“Kuma kuka yake yi.”

“Haka nake zato.”

Ta dubi ayabar, ta ce, “Shekara arba'in da biyu na rufe bakina saboda wani tsoho da aka yi wa mutuwa.” Ta koma kicin. Ranar nan abincin rana ya makara.

Ina so a rubuta, domin a san ban yi gaggawa ba, cewa sau uku na nemi in sanar da mahaifina a keɓe. Karo na farko na ce, “Baba, akwai wata lamba a jikin Guduma.” Ya ce, “Lamba ɗaya ce, ta ɗaya, kuma ni ne.” Karo na biyu na tambaye shi ko ya taɓa tunanin a ce an juya faifan a hankali. Ya ce, “A hankali? Kai ne a hankali. Awa goma sha takwas uwarka ta yi kafin ka ga damar fitowa.” Karo na uku ban kai ga buɗe baki ba ya ce in matsa, ina tare masa iska.

Ranar Lahadin ajali ita ce ta cikar Aradun Rebolo shekara arba'in da shida. An rufe titi, an ɗora tukunyar sankocho a kan itace, Don Hermógenes ya zo da farar hularsa ya zauna inda ya saba zama ya sha kunya. Ƙarfe huɗu ta wuce kaɗan mahaifina ya buɗe akwatin ƙarfe, ya ɗaga Guduma sama da hannu biyu, titi ya kaure da ihu. Kyaftin ya ce “gurrr… iiii”, ya fara. Minti na farko lafiya. A na biyu ƙafafun masu rawa suka fara jiran ganga. Muryar ta riƙa saukowa mataki-mataki kamar mai saukowa daga bene, har ta iso inda aka haife ta. Daƙiƙa tara cur, na ƙirga, wani tsoho ya yi kuka daga cikin lasifikar da ke ɗauke da hoton mace mai 'yan kunnen zinariya. A duk tsawon rayuwarsa wannan ne kaɗai lokacin da marigayin ya faɗi gaskiya, kuma bai iya ɗaukarta ba. Ya ce “wuuu”, ƙaurin ƙonannar waya ya tashi, faranti ya tsaya.

Don Hermógenes ya cire hula ya ɗora a ƙirji, ya ce, “Dago, ɗan'uwana, ashe Sarauniyar taka ta fara gemu?”

Dariyar da aka yi ta kai har layin baya. Mahaifina ya ɗauki makirfo, wanda shi lafiyarsa ƙalau, ya nuna ni da yatsa.

“Ku dube shi, jama'a. Shi ya kashe shi. Tun da ya kawo amaryarsa ta kwali yake yi wa Kyaftin kallon mutuwa. Shekara uku yana karatun sauti, bai taɓa sa mace ɗaya ta motsa ƙafa ba. Na uwarsa ne tun daga kai har ƙafa, har muryar famfon ya gado.” Ya juya ga Don Hermógenes. “Kai kuma tsohon kada, kada ka yi nisa. Ranar Asabar zan binne Kyaftin kamar mutum, kuma wannan yaron zai fito da abin wasansa ya juya mini Guduma a gaban kowa, ka ji ko Sarauniya tana da gemu. Kujerar gaba taka ce.”

Mahaifiyata tana tsaye wurin tukunya da ludayi a hannu. Kowa ya juya ya dube ta, ita kuma ta ci gaba da zuba wa mutane.

Washegari na buɗe gawar na yi bincike. Wayoyin injin sun ƙone saboda tsufa da gishirin iskar teku. Babu alamar hannun kowa. Na rubuta rahoto shafi biyu, ga duk mai son gani.

Marigayin ya rasu ya bar faifai ɗari huɗu da goma sha biyu, dukansu da tabon hidimarsa, wasu ba sa iya magana sai shuu. Ya bar kwabbai biyu da suka rasa aikin yi. Ya bar gwauruwa guda a jikin babbar lasifika, wadda ba a taɓa haihuwarta a ko'ina ba, ga shi kuma an yi mata sabon fenti a bana. Ya bar Don Hermógenes, wanda ya kashe ƙuruciyarsa yana neman faifan wata mace a tashoshin jiragen ruwa, shi ya sa bai taɓa samu ba. Ya bar unguwa guda da ta yi aure da suna da kanibal tana karkaɗa ƙugu a kan makokin wani bawan Allah da ba mu san sunansa ba, kuma ba za mu sani ba, tunda sunan yana ƙarƙashin Magdalena. Ya kuma bar mahaifina, mai shekara saba'in da huɗu, wanda bai mallaki wani abu a duniya da ya kai waɗannan minti huɗun ba.

Ga tsarin jana'iza. Za a ajiye gawar a kan teburinta a ƙofar gida ranar Asabar daga ƙarfe biyu na rana, domin masu son yin ban kwana. Ƙarfe uku za a kai ta bayan gida a binne ta a gindin mangwaro, cikin akwatin katako da mahaifina ya sa aka ƙera. Za a ba da kofi da biskit. Ba a buƙatar furanni. Masu shirin zuwa da takalman rawa su bar su a gida.

Kafin a rufe ramin za a juya Guduma sau ɗaya a kan sabon garmaho, ta cikin lasifika shida, kamar yadda mahaifina ya umarta. Zai ɗauki minti biyar da daƙiƙa ashirin da huɗu. Ana roƙon jama'a su yi shiru har ya ƙare.

An liƙa wannan sanarwa a kantin kwana, da shagon aski, da ƙofar gidan Don Hermógenes. Mahaifina ba ya iya karatu yanzu, sai wata mai zuwa za a cire masa yanar. Ina roƙon kowa, da girman Allah, kada a karanta masa ita, kada kuma a yi masa wani irin kallo a wurin domino. Na tanadar masa kujera mai hannuwa a layin gaba, da ruwan sanyi, da maganin hawan jininsa, kuma maƙwabciyarmu ma'aikaciyar jinya ta yarda ta zauna a bayansa.

Ba zan ɓoye ba, tun ranar Lahadi nake tunanin wata mafita. Maɓallin sabon garmahon ba a liƙe yake ba, yatsa ɗaya ya isa ya mayar da shi arba'in da biyar, kowa ya yi rawa ya koma gida, mahaifina ya ci gaba da zama sarki. Har zuwa safiyar Laraba niyyata ke nan, kuma wata sanarwar daban na rubuta, gajeriya. Ina cikin goge allura mahaifiyata ta shigo, ta goge hannunta a zani, ta tsaya a kaina.

“Ranar Asabar kai za ka tsaya wurin wayoyi,” in ji ta. “Ni zan ɗora allurar.”

Na ce, “Mama, zuciyarsa fa.”

“Na san zuciyarsa, na riga ka saninta. Nuna mini inda talatin da ukun yake.”

Na nuna mata. Na koya mata yadda ake ɗaga hannun garmaho da gefen yatsa, a kai shi bakin faifai, a sauke ba tare da an sake shi ya faɗa ba. Sau uku ta gwada a kan wani tsohon faifai da Kyaftin ya riga ya gama da shi. Na sa ido sosai, domin aikina ne. Duka ukun allurar ta sauka daidai, ba ta kuskure ba ko sau ɗaya.

Allah ya ba mu haƙurin abin da za mu ji.

Sa hannu, a madadin iyalin marigayin,
Emiro Fontalvo Pertuz.